Filin Tambaya da Amsa: Badujalar Makaranta, Daga Rabon Kayan Busa Zuwa Filin Fareti

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne ga badujalar makaranta, wato ƙungiyar ɗalibai masu busa da kiɗa. Malamai ne suka fi rubutowa, sai iyaye, sai ɗalibi guda. Masu amsawa malaman kiɗa ne da masu gyaran kayan busa. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ba ni ɗalibai 40, 'yan shekara 10 zuwa 12, an ce in kafa badujala. Rabinsu ganga suke so, sauran sun ce su dai sai saksofon. Yaya zan raba musu kayan? Daga wani malami.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. In ka bi son ransu, za ka wayi gari da makaɗa 20 da masu saksofon 20, babu mai riƙe gindin sauti. Badujala kamar gini take. Masu kaurin murya, wato manyan kayan busa na tagulla irin su tuba da yufoniyam da tirombon, su ne tubalin ƙasa, a kansu masu siririyar murya ke tsayawa. Duk badujalar da ta rasa su, komai ƙwarewar masu tirampet ɗinta, sautin zai fito kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani.

Ga rabon da muke ba da shawara ga yara 40: sarewa 6, kilarinet 10, saksofon alto 4, tirampet 6, hon 2, tirombon 4, yufoniyam 2, tuba 2, makaɗa 4. Kilarinet ya fi yawa saboda muryarsa ba ta kai ta kayan tagulla ƙarfi ba. Idan hon, wato ƙahon tagulla mai naɗaɗɗen bututu, ya yi wuyar samu, ko babu mai koyar da shi, ka ƙara gurbinsa a kan tirombon da yufoniyam. Makaɗa huɗu sun wadatar: biyu a ƙaramar ganga, ɗaya a babbar ganga, ɗaya a simbal (faya-fayan ƙarfe biyu da ake haɗawa), kuma a riƙa juya su.

In kuwa duk kayan makarantar na tagulla ne, akwai tsarin da aka saba da shi a Ingila: masu busa 25, daga cikinsu 10 masu kwanet (ɗan'uwan tirampet), sannan makaɗa. Daɗin wannan tsari shi ne duk masu bawul, wato maɓallan da ake dannawa don sauya sauti, yatsu iri ɗaya suke dannawa ga harafin sauti ɗaya a takardar kiɗa, don haka yaro zai iya tashi daga kwanet ya koma yufoniyam ba tare da ya sake koyon karatu ba.

Kada ka damƙa wa kowa kaya kafin gwaji. Ka ware mako guda, kowane yaro ya taɓa aƙalla kaya uku. Ga na tagulla, ya haɗa leɓɓa kamar zai ce "m", ya hura cikin bakin busa har leɓɓan su yi karkarwa. Wanda sautinsa ya fito a sama cikin sauƙi, tirampet ya dace da shi. Wanda nasa ya fito a ƙasa, mai faɗi, a kai shi tirombon ko yufoniyam. Kaurin leɓe kaɗai ba hujja ba ne, sautin da ya fito shi ne alƙali. Ga sarewa, a cire kanta kawai, yaro ya toshe buɗaɗɗen gefen da tafin hannu, ya hura kamar yadda ake hura bakin kwalba. Wanda ke da ɗan tsoka mai saukowa a tsakiyar leɓen sama yakan sha wahala, domin tsokar tana raba iskar gida biyu. Ga kilarinet, duba ko tsokar yatsunsa ta rufe ramukan ruf. Ga tirombon, duba tsawon hannu: zugensa, wato bututun da ake turawa ana jawowa, yana da matsayi 7, na bakwai kuwa ya wuce rabin mita daga na farko. Hon kuma sai mai kunne, wanda in ka rera masa sauti zai maimaita shi daidai.

Abu ɗaya muke roƙonka: kada ganga ta zama mafakar waɗanda suka kasa busa. Ka tafa musu kiɗa na bugu huɗu, su maimaita suna taka ƙafa. Wanda ya riƙe bugun ba ya sauri ba ya ja da baya, shi ne makaɗinka. Lokacin badujala gaba ɗaya a hannunsa yake.

Tambaya: Ina busa tirampet wata shida ke nan. Bayan minti goma leɓɓana sun kumbura, sautin ya shaƙe, kuma sautin sama ba ya fita sai na danna bakin busa da ƙarfi. Sannan ranar da na sa wa bawul mai, iska ta ƙi wucewa sam. Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, ka faɗi ciwon ka kuma faɗi sanadinsa. Dannawar nan ita ke kumbura maka leɓe. Leɓɓa ne ke haifar da sautin tirampet ta hanyar karkarwa, in ka matse su tsakanin ƙarfe da haƙori jini ba ya gudana yadda ya kamata, karkarwar ta mutu. Ka duba madubi bayan busa. Ɗan zobe ja mai ɓacewa cikin minti ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Zobe mai zurfi, ko shaidar haƙori a cikin leɓe, alama ce ta matsi ya yi yawa.

Sautin sama saurin iska yake so. Ka ja numfashi ta gefen baki har cikinka da haƙarƙarinka su buɗe, kafaɗu ba su ɗaga ba. Kusurwoyin baki su tsaya daram, tsakiyar leɓe ta zauna sako-sako, kumatu ba su kumbura ba. Harshe kuma yana da aiki: a sautin ƙasa yana kwance kamar kana cewa "aa", in za ka hau sai bayansa ya ɗaga kamar kana cewa "ii", hanyar iska ta ƙuntata, iskar ta ƙara gudu. Ka cire ƙaramin yatsanka na dama daga ƙugiyar da ke saman tirampet na 'yan makonni, domin da ita yara ke jawo kayan zuwa baki ba su sani ba.

Kowace rana ka fara da dogayen sautuka. Ka riƙe G na tsakiya tsawon bugu 8, ka huta bugu 8, ka sauka da rabin mataki ta bin bawul: babu dannawa, sai 2, sai 1, sai 1 da 2, sai 2 da 3, sai 1 da 3, sai duka ukun. Daga nan ka riƙa zamewa tsakanin C da G ba tare da ka taɓa bawul ba. Ka huta gwargwadon yadda ka busa. Minti 10 sau biyu a rana ya fi maka minti 60 a zama ɗaya ranar Asabar. A wata shida, in C na tsakiyar layi yana fita da tsabta, kana kan hanya, kada ka yi gasar hawa da kowa.

Maganar bawul kuwa mai sauƙi ce. Kowanne yana da lamba 1, 2 ko 3 a jikinsa, kuma ramukan cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Ko dai ka musanya musu gida, ko ka saka ɗaya a juye. Ka mayar da kowanne gidansa, na 1 shi ne mafi kusa da baki, ka juya shi a hankali har ka ji ya yi ƙas ya tsaya. Nan gaba ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, ɗigo uku na man bawul ya isa.

Tambaya: Masu kilarinet ɗina sai tsuwwa suke yi kamar ɓeraye, musamman in za su haura daga A zuwa B. Na yi faɗa har na gaji. Daga wata malama.

Amsa: Malama, a ajiye faɗan tukuna, domin sau da yawa laifin ba na yaron ba ne. Tsuwwa na nufin ɗayan abu biyu: ko iska tana yoyo a wani wuri, ko harshen karan da ke bakin busa ba ya karkarwa daidai. Ki bi su a jere.

Fara da harshen karan. Ki ɗaga shi ga haske. In bakinsa ya tsage, ko ya ɓantare, ko ya yi lanƙwasa kamar igiyar ruwa, kwanansa ya ƙare. Masu koyo su yi amfani da mai lamba 2 ko 2½. Wanda ya fi haka tauri yana sa yaro cizo, wanda ya fi haka laushi yana rufewa da an matsa masa iska. A jiƙa shi kamar minti ɗaya kafin a ɗaura. Bakinsa ya daidaita da bakin abin busa, a bar ɗan siririn baƙi kamar silin gashi yana leƙowa a sama. Maɗaurin kada a ƙulle shi tamau. Kowane yaro ya mallaki kara uku ko huɗu yana juya su, kuma a cire a goge bayan busa.

Sai baki. Haƙoran sama su zauna a kan abin busa kamar santimita ɗaya daga bakinsa, leɓen ƙasa ya ɗan rufe haƙoran ƙasa, haɓa ta miƙe ba ta dunƙule ba. Ga gwaji mai amfani: a cire bakin busa tare da ɗan gajeren bututun da ke bi masa, yaro ya busa su kaɗai. In komai daidai ne, sautin da zai fito F-shaf ne na piyano, wato rabin mataki sama da F. In ya yi ƙasa da haka sosai, baki ya saki ko iska ta yi rauni. In tsuwwa ta fito tun a nan, ya cusa abin busa da yawa a baki.

Sai yatsu. Ki ce yaro ya danna ramukan na daƙiƙa biyar, sannan ya nuna miki yatsunsa. Kowanne ya kamata ya fito da cikakken zobe a tsakiyar tsokarsa. Rabin zobe yoyo ne. Waɗanda suka fi laifi su ne babban yatsan hagu da yatsan zobe na kowane hannu. Ki kuma lura da manunin dama, yakan goga maɓallan gefe ya buɗe su kaɗan.

In duk wannan bai warware ba, ki karɓi kilarinet ɗin ki busa da naki bakin busar. In ya yi miki tsuwwa, matasai, wato ƙananan tausasan marafan da ke rufe ramuka, su ne suka lalace, ko kuma ƙarfen da ke haɗa gaɓar sama da ta ƙasa ya lanƙwashe. Yana lanƙwashewa ne lokacin haɗawa, in yaro bai danna zobban gaɓar sama ba kafin ya murɗa. Ki sa siririyar takarda ƙarƙashin matashi, ki rufe, ki ja. In ta zare ba tare da ta ɗan riƙe ba, nan yoyon yake, sai mai gyara.

Shi kuwa haurawa daga A zuwa B, wahalarsa a fili take: A kusan duk ramuka a buɗe suke, B kuwa duk a rufe, yatsu tara su sauka lokaci guda. Kada ki koyar da shi daga ƙasa zuwa sama. Yaro ya busa E na can ƙasa da kyakkyawan sauti, ke ki taɓa masa maɓallin bayan da ke kusa da babban yatsa, sai B ya fito da kansa, domin wannan maɓalli yana ɗaga kilarinet da mataki na goma sha biyu. In ya saba, ya riƙa saukowa daga B zuwa A yana barin yatsun dama a rufe. Rabin aikin ya ragu ke nan.

Tambaya: Na ce kowa ya busa C, sai na ji sautuka daban-daban har huɗu. Kayan ne suka lalace? Daga wani sabon malami.

Amsa: Lafiyarsu ƙalau, Malam. Ba duk kayan busa ne ke fitar da sautin da aka rubuta musu ba. Sarewa da tirombon da tuba suna fitar da abin da ke takarda, kamar piyano. Tirampet da kilarinet 'yan B-filat ne: in suka busa C nasu, B-filat ake ji, wato rabin mataki ƙasa da B. Saksofon alto ɗan E-filat ne, C nasa E-filat ne a kunne. Hon ɗan F ne, C nasa F ne.

An yi haka ne don sauƙin mai busa. Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi rajistar saksofon a Faransa a 1846, ya ƙera shi manya da ƙanana. Da wannan tsarin rubutu, wanda ya iya alto zai ɗauki tena, wato saksofon da ya fi shi girma, ya danna yatsu iri ɗaya ga harafi ɗaya, mai rubuta kiɗan ne ke ɗauke da nauyin lissafin.

In kana son murya ɗaya, ka nemi B-filat na piyano. Masu sarewa da tirombon da tuba su busa B-filat, masu tirampet da kilarinet su busa C, masu alto su busa G, masu hon su busa F. Sautuka biyar na farko da ake koya wa kowa tare su ne B-filat, C, D, E-filat da F. A tirampet su ne C babu dannawa, D da 1 da 3, E da 1 da 2, F da 1, G babu dannawa. A tirombon matsayi na 1, 6, 4, 3, 1. A alto G, A, B, C, D. Ka rubuta wannan a babban kwali ka manna a bango har ya zauna maka a kai.

Tambaya: Mukan daidaita sauti a cikin aji da na'urar auna sauti, komai ya yi daidai. Da mun fita fili sai ya watse. Me ke faruwa? Daga wani malami.

Amsa: Zafi ne da sanyi, Malam. Sautin kayan busa ya dogara da gudun sauti a cikin iskar da ke bututun. A zafin digiri 20 na Salshiyos, sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, kuma duk digiri ɗaya da aka ƙaru yana ƙara masa kusan mita 0.6. Saboda haka kayan busa suna hawa in sun yi zafi, suna sauka in sun yi sanyi. Ba kuma tare suke tafiya ba. Bututun tirampet bai kai mita ɗaya da rabi ba, numfashin mai busa yana ɗumama shi nan da nan. Na tirombon ya kai mita 2.7, na babbar tuba ya haura mita 5, don haka yanayin waje ya fi tasiri a kansu. Kayan bugawa masu sandunan ƙarfe kuwa akasin haka suke, zafi ɗan saukar da su yake.

Saboda haka a daidaita sauti a inda za a yi wasan, bayan kowa ya busa na minti biyar. Daidaita kaya mai sanyi ɓata lokaci ne. Ƙa'idar guda ce: in sauti ya hau, a zaro bututun daidaitawa don kayan ya ƙara tsawo, in ya sauka a tura shi ciki. Milimita biyu ko uku a lokaci guda. A saita na'urar a kan A 440, wato harafin A mai karkarwa 440 a daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin da aka fi bi a duniya. A fara da tuba, kowa ya ɗora nasa a kanta. Lokacin jiran layi a sanyi, masu busa su riƙa hura iska mai ɗumi cikin kayan ba tare da sauti ba.

Amma a gaskiya na'ura harafi ɗaya kawai take gyara maka. Kowane kaya yana da haruffan da aka san su da karkata. D da C-shaf na ƙasa a tirampet kullum suna hawa, shi ya sa aka yi wa bututun bawul na 3 zobe, domin a tura shi waje da santimita ɗaya ko fiye. Sarewa tana hawa in an busa da ƙarfi, tana sauka in an sassauta, kilarinet kuwa akasin haka. In sarewa ta ƙi daidaituwa ko ta yaya, a duba toshiyar da ke cikin kanta: ya kamata ta kasance milimita 17 daga tsakiyar ramin busa, kuma akwai layi a jikin sandar gogewa da ke nuna wurin.

Abin da zai cece ka shi ne kunnen yaran. Ka tsayar da biyu su riƙe harafi ɗaya. In ba su daidaita ba za a ji sautin yana kaɗawa, wau-wau-wau. Ɗaya ya tsaya cak, ɗayan ya riƙa gyarawa. Kaɗawar tana raguwa in yana kusantowa, tana ɓacewa in sun haɗu. Ka bar sauran aji su ɗaga hannu sa'ad da suka ji ta ɓace. Minti uku na wannan a kowane zama ya fi ka zagaya da na'ura kana gaya wa kowa "zaro" ko "tura".

Tambaya: A fareti na baya suna jan kiɗa, na gaba suna sauri, makaɗa kuma kullum gudu suke. Daga malamin da ke shirya maci.

Amsa: Wani ɓangaren wannan ba laifin kowa ba ne, Malam. Sauti yana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin ya yi mita 34. A maci na bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne. Ke nan yaron da ke nesa da ganga da mita 40, in da kunne yake bi, zai makara da kusan rubu'in bugu, alhali shi a jinsa daidai yake. Bangon gini kuma yana dawo da amsa-kuwwa ya ƙara rikita shi.

Maganin shi ne a san wa ke bin ido, wa ke bin kunne. A layin maci a sa makaɗa a tsakiya, domin nisan ya rabu biyu. In an bazu a fili ana fuskantar 'yan kallo, makaɗa su koma baya, su kalli jagoran da ke ba da bugu da sanda, na gaba kuma su saurari abin da ke zuwa daga bayansu su hau kansa. Ta haka sautin kowa zai isa wurin 'yan kallo tare. Na baya kada su taɓa sauraron na gaba.

Ƙafa ma agogo ce. Hagu tana sauka a bugu na 1 da na 3, tare da babbar ganga. A koyi tafiyar ba kaya, sannan da kaya ba busa, sannan da dogon sauti guda. In sautin yana girgiza da kowane taku, yaro yana buga ƙafa ne a shimfiɗe. Ya sauke dunduniya tukuna, ya mirgina zuwa yatsu, jikinsa daga ƙugu zuwa sama bai motsa ba. Takun soja na inci 30, wato santimita 76, ya yi wa yara faɗi. Makarantun Amurka suna amfani da taku 8 a yadi 5, wato kimanin santimita 57 kowanne, kuma ya fi dacewa da gajerun ƙafafu. Ka ja layuka a ƙasa su riƙa auna kansu.

Gudun makaɗa kuwa daga hannu yake. Wanda ya damƙe sanda tamau ba ya barin ta dawo da kanta, sai ya gaji, sai ya fara cinye ratar da ke tsakanin bugu. A riƙe sanda tsakanin babban yatsa da manuni, wajen sulusinta daga gindi, sauran yatsu su rungume ta sako-sako. Su yi atisaye da metironom, wato na'urar ƙirga bugu, a bugu 60 a minti: dama-hagu bi da bi, sannan dama-dama hagu-hagu, sannan dama-hagu-dama-dama hagu-dama-hagu-hagu. Kada a ƙara sauri sai sun yi minti ɗaya cur ba kuskure, kuma a ƙara da bugu 4 ko 5 kawai. Ka lura da wuraren hutu da wuraren da kiɗa ke ƙara ƙarfi, a nan gudun ke farawa. Su riƙa ƙirga hutun da baki.

Tambaya: 'Yata tana zama gaban masu tirampet. Takan dawo tana cewa kunnenta na ƙara. In cire ta? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, kada ki cire ta, amma kada ki yi sakaci da maganar. Ƙarar kunne bayan busa alama ce ta sautin ya yi masa yawa, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Ma'aunin da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta bayar shi ne desibel 85 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti) na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100 minti 15 ne kawai, tirampet kuwa a kusa da kunne yana iya wuce haka. Ki nemi malamin ya matsar da layinta gaba da mita ɗaya ko biyu, ko ya ɗora masu tirampet a kan dakali domin sautin ya wuce ta saman kai, ko a zaunar da ita a tsakanin biyu maimakon daidai bakin ɗaya. Akwai matoshin kunne na makaɗa da ke rage desibel 15 zuwa 20 ba tare da ya dusashe kiɗan ba. In ƙarar ta wuce kwana ɗaya ko biyu, a kai ta wurin likitan kunne.

Tambaya: Minti 40 kawai nake da su sau uku a mako, kuma saura mako shida mu yi wasa gaban iyaye. Yaya zan yi da lokacin? Daga wata malama.

Amsa: Malama, babban ɓarawon lokaci shi ne busa kiɗa daga farko zuwa ƙarshe ana maimaitawa. Yara suna ƙara ƙwarewa a inda suka iya, suna ƙara tabbatar da kuskure a inda suka kasa. Ki rubuta tsarin ranar a allo kafin su shigo. Minti 5 na haɗa kaya da zama, minti 8 na numfashi da dogayen sautuka da hawa da saukar B-filat, minti 2 na daidaita sauti, minti 17 a kan wurare biyu ko uku masu wuya, minti 5 na busa abin da suka iya don su fita da daɗin rai, minti 3 na gogewa da ajiyewa.

A wuri mai wuya, gaɓar kiɗa (rukunin bugu) huɗu zuwa takwas sun isa. Su tafa shi, su rera shi, su danna yatsu ba busa, sannan su busa a rabin sauri. In kin tsayar da su, gyara ɗaya za ki faɗa, cikin daƙiƙa goma, a koma. Ki zaɓi kiɗan da suka iya karanta mafi yawansa tun ranar farko. Kiɗa mai sauƙi da kyakkyawan sauti ya fi mai wuya da ake ta tuntuɓe a cikinsa, kuma guda uku sun isa. A makon ƙarshe ki kai su ainihin wurin wasan, su gwada shiga da zama da ɗaga kaya tare da tashi gaisuwa. Ki kuma koya musu abin da za su yi in sun ɓata: su sauke kaya, su ƙirga, su shigo a alama ta gaba.

Tambaya: Bakin busa ya maƙale a tirombon. In sa filaya? Kuma yaya ake wanke kayan? Daga wani mahaifi.

Amsa: A'a, Alhaji, ka nisanta filaya da shi. Tagullar siririya ce, murɗawa ɗaya za ta karya haɗin bututun, ƙaramin gyara ya zama babba. Akwai na'urar zaro bakin busa da masu gyara da yawancin malaman badujala ke ajiyewa, aikin minti ɗaya ne. Abin da ke jawo maƙalewar shi ne yara suna buga shi da tafin hannu don jin ƙarar da yake yi, ko su bar shi a jiki kwana da kwanaki. A saka shi a hankali, a ɗan murɗa kaɗan, a cire bayan kowace busa.

Kayan tagulla ana yi musu wanka duk bayan wata biyu ko uku. A cire bawul da bututu masu zamewa, a jiƙa jikin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulun ruwa na minti 15, a bi cikin da dogon burushi mai lanƙwasa, a ɗauraye, a shanya. Ruwan zafi yana ɓare fentin da ke sa su sheƙi. Saman bawul inda ƙyallen yake kada ya jiƙe. Bayan sun bushe a sa mai a bawul, giris a bututun daidaitawa, zugen tirombon kuma a shafa masa nasa man na musamman a fesa masa ruwa kaɗan.

Sarewa da kilarinet da saksofon ba sa shiga ruwa ko kaɗan, domin matasansu za su kumbura su lalace. A zura musu ƙyalle a ciki bayan kowace busa, a shafa giris kaɗan a mahaɗa in ta yi tauri. Bakin busa kaɗai ake wankewa, sau ɗaya a mako, da ruwan da bai yi zafi ba. Yaro ya kurkure baki kafin ya busa, musamman in ya sha abu mai sukari, domin sukarin ne ke sa matasai mannewa da bawul nauyi. Kada kuma a bar akwatin kaya a rana ko cikin rufaffiyar mota, zafi yana narkar da gam ɗin da ke riƙe matasan, kilarinet na katako kuma yana iya tsagewa.